Kowace Ƙofa da Sunanta: Yadda Ake Yi wa Ƙofofin Rawuta da Suwic Laƙabi Mai Amfani

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa gyara kasuwar Farm Centre da ke Tarauni ya ga abin da gogaggen mai gyara ke fara yi. Kafin ya kwance komai, sai ya yago salatif ya manna a bayan wayar, ya rubuta sunan mai ita da abin da ke damunta: "ba ta caji", "sikirin", "ta faɗa ruwa". Ba wai bai yarda da ƙwaƙwalwarsa ba ne. Ya san kafin la'asar wayoyi iri ɗaya za su cika teburin, kuma mai yiwuwa lokacin da mai wayar zai dawo shi ya tafi masallaci, yaron shago ne zai miƙa ta.

Wannan dabara ce darasin yau zai ɗauko ya kai kan na'urorin da ke raba intanet a shaguna, makarantu, ofisoshi da gidaje. Matasa da dama a Gyadi-Gyadi, Unguwa Uku, Darmanawa da Hotoro sun fara cin abinci da haɗa Wi-Fi, sanya kyamarorin tsaro da kula da shagunan kwamfuta. Galibinsu sun iya matse kan kebul, sun iya saita kalmar sirri. Abin da aka fi tsallakewa shi ne mafi arha a cikin aikin: rubuta wa kowace ƙofa inda ta nufa.

Mece ce ƙofa?

A bayan kowace rawuta akwai ramuka masu kusurwa huɗu da ake soka kebul a ciki. Masu sana'a na kiran kowane rami fot, a nan kuma za a kira shi ƙofa, domin ta nan bayanai ke shiga su fita. Rawutar gida takan zo da ƙofa huɗu ko biyar. Suwic, wato na'urar da ke rarraba layi ɗaya zuwa na'urori masu yawa, yakan zo da 5, 8, 16, 24 ko 48.

Kamfanin da ya ƙera na'urar ya riga ya ba kowace ƙofa suna, sai dai suna ne irin na lamba. A na'urorin MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya da masu raba Wi-Fi ke yawan amfani da kayansa, za a ga ether1, ether2, ether3. A na Cisco za a ga irin su Gi0/1 ko Fa0/12. Waɗannan sunaye na faɗin inda ƙofar take a jikin na'ura, amma ba sa faɗin abin da ke ɗaya ƙarshen kebul ɗin. Kamar mutum ne ya ajiye lambobi ɗari biyu a wayarsa ba tare da suna ko ɗaya ba. Lambobin daidai suke, amma ran da gas ya ƙare ba zai san wacce zai kira ba. Shi ya sa kowa ke ajiye lamba da "Mai Gas Tarauni" ko "Bakanike Unguwa Uku". Laƙabin ƙofa ma haka yake.

Abin da rashin laƙabi ke jawowa

A ɗauka akwai wani gini mai bene a Gyadi-Gyadi. A ƙasa shagon kwamfuta ne inda ake buga takardu da cike fom a intanet, a sama kuma ajin koyon kwamfuta. Suwic guda mai ƙofa 24 ne ke riƙe da komai: kwamfutoci, firinta, na'urorin Wi-Fi biyu da kyamarori huɗu. Wanda ya haɗa kayan ya yi tafiya. Ranar ƙarshe ta rufe wani fom, layi ya kai bakin titi, sai sabis ɗin bene ya ɗauke. Yaron shago ya kira a waya:

"Oga, na sama ya ɗauke, mutane na jira."

"Duba shuɗin kebul ɗin nan, ka zare ka mayar."

"Oga, ai duk shuɗaye ne."

Daga nan sai lalube. Ya zare na farko, kwamfutar da ake tsakiyar biyan kuɗi a kanta ta yanke. Ya zare na biyu, kyamarar ƙofar gida ta mutu, ba wanda ya lura sai bayan kwana uku da aka nemi hoton wanda ya ɗauke babur. Matsalar da ba ta wuce minti biyu ba ta cinye rabin yini, kwastomomi sun tsallaka shagon gaba.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan. Idan aka ga kan kebul yana reto aka soka shi a suwic, alhali ɗaya kan nasa yana cikin wannan suwic ɗin, an yi zobe ke nan. A ƙananan suwic marasa kariya, saƙonni za su yi ta zagaye suna ninkuwa har komai ya tsaya cak, fitilu na ta ƙiftawa tare kamar an yi musu kiɗa. Haka kuma wasu ƙofofin na tura wutar lantarki ta cikin kebul domin kunna kyamara ko na'urar Wi-Fi, fasahar da ake kira PoE. Mai bin ƙa'idar 802.3af ko 802.3at takan tantance na'ura kafin ta saki wuta. Amma akwai wadda ba ta tambaya, irin mai bolt 24 da ake samu a wasu kayan MikroTik da Ubiquiti. Soka na'urar da ba ta dace ba a irin wannan layi na iya ƙona mata ƙofa.

Idan wurin ya girma, lissafin ya fi haka tsanani. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Zauren da ke da kwamfuta 250, idan da suwic mai ƙofa 24 aka haɗa shi, yana buƙatar fiye da guda goma. Idan kwamfutar ɗalibi ɗaya ta yanke ana tsakiyar jarrabawa, bambancin mai laƙabi da marar laƙabi shi ne bambancin daƙiƙa talatin da rabin awa, kuma ɗalibin ne ke zaune cikin zullumi.

Wane irin laƙabi ne mai amfani?

Ƙa'idar guda ɗaya ce: ana rubuta laƙabi ne domin wanda zai zo lokacin da mai haɗa kayan ba ya nan. Wannan mutum na iya zama yaron shago, ko wani injiniya daban, ko shi kansa mai aikin bayan wata takwas, lokacin da ya manta komai. Saboda haka laƙabi mai kyau na amsa tambaya uku: mene ne a ɗaya ƙarshen, a ina yake, kuma me zai faru idan aka cire.

Ga yadda suwic ɗin ginin can zai kasance idan an yi masa aiki:

- Ƙofa 1: INTANET daga rawuta ether2 KAR A CIRE
- Ƙofa 2: WIFI kasa-shago PoE
- Ƙofa 3: WIFI bene-aji PoE
- Ƙofa 4: KYAMARA kofar-gida PoE
- Ƙofa 8: FIRINTA kanta
- Ƙofa 11: KWAMF tebur-05
- Ƙofa 20: BA KOWA
- Ƙofa 22: MATACCIYA tsawa
- Ƙofa 24: SUWIC-2 bene kofa-1 KAR A CIRE

Da wannan jeri a gabansa, yaron shago ba ya buƙatar kiran kowa. Sabis ɗin bene ya ɗauke, sai ya duba ƙofa 3 da 24.

Akwai abubuwa biyar da mai karatu zai lura da su a jerin. Na farko, nau'in na'ura ne ke zuwa a gaba, da manyan baƙaƙe. Dalili kuwa shi ne wasu allunan na yanke dogon rubutu. Cisco na karɓar bayani har haruffa 240, amma umarnin `show interfaces status` ba ya nuna ko ashirin daga ciki. Manhajojin sa ido kan hanyar sadarwa kuma sukan karanta bayanin ta wani gurbi mai suna ifAlias, wanda ƙa'idar RFC 2863 ta shekarar 2000 ta taƙaita shi ga haruffa 64. Abin da ya fi muhimmanci, shi ake fara rubutawa.

Na biyu, an ambaci wuri da abin da ba ya sauyawa. "Tebur-05" ya fi "kwamfutar sabon yaro", domin sabon yaro zai tsufa ko ya bar aiki, tebur kuwa yana nan. Na uku, inda na'ura biyu suka haɗu, an faɗi lambar ƙofar can ɓangaren, kuma a can ma za a rubuta ta nan. Na huɗu, ƙofar da ba kowa da wadda ta mutu su ma sun samu laƙabi. Da damina tsawa kan kashe ƙofar da kebul ɗinta ya bi ta waje, kuma idan ba a rubuta ba, wani zai ɓata awa guda yana zargin kebul mai lafiya. Na biyar, an rubuta "kofa" da "kasa" ba tare da ƙugiya ba. Na'urori da yawa ba sa nuna ƙ, ɗ da ɓ daidai a allon umarni, sai su mayar da su wasu alamomi marasa ma'ana. A kan takarda a rubuta Hausa yadda take, a cikin na'ura kuwa a tsaya kan haruffa marasa ƙugiya.

Laƙabi irin su "kebul", "sabo", "na oga", "gwaji" ko "layi 2" ba su amsa ko ɗaya daga tambayoyin uku ba.

Yadda ake rubutawa a cikin na'ura

A suwic ko rawutar Cisco, bayan an shiga da izinin mai gudanarwa, ana rubuta:

`configure terminal`
`interface Gi0/3`
`description WIFI bene-aji PoE`
`end`
`write memory`

Layin ƙarshe shi ne wanda masu koyo suka fi mantawa. Cisco na riƙe sabon saiti ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi har sai an adana shi. Idan aka ɗauke wuta kafin janareto ya karɓa, kuma babu inbata, duk laƙabin da aka rubuta ya tafi. A Kano wannan ba abin da za a ce sai wata rana ba ne. Domin ganin jerin duka, sai a rubuta `show interfaces description`. A guji alamar tambaya a cikin bayanin, domin da an danna ta na'urar za ta ɗauka taimako ake nema.

A MikroTik, ta manhajar Winbox ko manhajarsu ta waya, ana shiga Interfaces, a zaɓi ƙofa, a danna Comment, a rubuta. Mai son umarni kuma zai rubuta:

`/interface ethernet set ether3 comment="WIFI bene-aji PoE"`

MikroTik na adanawa nan take. Yana kuma ba da damar sauya sunan ƙofar kansa, amma ya fi aminci a bar sunan asali a yi amfani da gurbin bayani, ko a ƙara a gabansa kamar ether1-intanet. Idan akwai wani rubutaccen umarni da ke kiran ƙofar da tsohon suna, sauya sunan zai sa ya daina aiki. Na'urorin Huawei da Juniper ma suna da umarnin `description`, tsarin shigarsa ne kawai ya ɗan bambanta.

Wurin da laƙabi ya fi biyan kuɗinsa shi ne ƙofofin da intanet ke shigowa. Shaguna da yawa yanzu na da layi biyu, misali rawutar MTN ko Airtel a gefe guda, da Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, a ɗaya gefen. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan kebul na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da Nijeriya, bankuna ma abin ya taɓa su. A irin wannan rana, wanda ya rubuta "INTANET-1" da "INTANET-2" tare da sunan kamfanin kowanne zai gane layin da ya faɗi da kallo ɗaya, ya juya kan ɗayan. Wanda bai rubuta ba zai yi ta kwance kayansa masu lafiya yana neman matsalar da ke can ƙasan teku.

Idan na'urar ba ta karɓar rubutu fa?

Yawancin ƙananan suwic masu ƙofa 5 ko 8 da ake saya a kasuwa ba su da shafin saiti kwata-kwata. A nan laƙabin jikin kebul ne kaɗai mafita, kuma ko a manyan na'urori ma ba a barin sa, domin wanda ke tsaye gaban suwic da tocilan ba allon kwamfuta yake kallo ba.

Ana manna laƙabi a duka ƙarshen kebul biyu, da rubutu iri ɗaya, kimanin faɗin tafin hannu daga kan kebul ɗin, yadda za a karanta ba sai an zare ba. Zafin watannin Maris zuwa Mayu, da kan haura digiri 40, yana narkar da gam ɗin salatif mai arha, ƙurar hunturu kuma ta ƙarasa shi. Dabarar da ta fi daɗewa ita ce a yi rubutun da maka marar gogewa a kan farin tef, sannan a naɗe shi da salatif mai haske, ko a yi amfani da maɗaurin roba mai ɗan allo. Kada a dogara da launin kebul, domin ran da shuɗi ya ƙare, da wanda aka samu za a yi aiki.

Wannan ba ƙirƙirar masu ƙananan shaguna ba ce. Manyan kamfanoni na da ƙa'ida sukutum kan yadda ake yi wa kebul da ƙofofi alama, mai suna TIA-606, wadda ta fara fitowa a Amurka a 1993. Ruhinta bai wuce abu biyu ba: kowane kebul da sunansa shi kaɗai, kuma a ajiye rajista.

Rajistar ƙaramin wuri takarda ɗaya ce: lambar ƙofa, inda ta nufa, ranar da aka haɗa. A manna kwafi a jikin bango kusa da suwic, a ɗauki hotonsa da hoton bayan na'urar da waya, a tura wa mai wurin ta WhatsApp.

Gano kebul ɗin da aka gada

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Lokacin da ya fi dacewa da laƙabi shi ne ranar da aka ja kebul. Amma sau da yawa matashi kan gaji wurin da wani ya haɗa ya tafi. Nan ma akwai hanya.

Mafi sauƙi ita ce ta mutum biyu, bayan an tashi daga aiki. Ɗaya ya je ya zare kebul daga bayan kwamfuta ko kyamara, ɗayan ya tsaya gaban suwic ya ga fitilar da ta mutu, ya rubuta nan take. Mai na'urar gwajin kebul, ƙaramar nan mai fitila takwas, zai iya soka rabinta a can ya bi ƙarshen nan ɗaya bayan ɗaya.

A na'urori masu saiti ba sai an zare komai ba. Kowace na'ura da ke kan layi na da lambar shaida mai haruffa da lambobi 12 da ake kira adireshin MAC. Umarnin `show mac address-table` a Cisco na nuna wace lamba ce ke kan wace ƙofa, a MikroTik kuma ana ganin haka a Bridge, sashen Hosts. Domin gano suwic ko na'urar Wi-Fi da ke maƙwabtaka, akwai `show cdp neighbors` da `show lldp neighbors`, a MikroTik kuma IP sannan Neighbors.

Mai waya ma yana da nasa ƙofofin

Wanda ba shi da suwic ma darasin ya shafe shi. A waya mai layi biyu, yawancin wayoyin Android na ba da damar sauya "SIM 1" da "SIM 2" zuwa "Data" da "Kira", ko "Kasuwa" da "Gida", abin da ke hana tura saƙon banki ta layin da ba shi ba.

A MiFi ko rawutar gida, shafin saiti, wanda akan shiga ta adireshi irin su 192.168.0.1, 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, yana nuna jerin na'urorin da ke shan data. Da yawa daga ciki, da manhajoji irin su Tether ta TP-Link, na ba da damar sauya musu suna. Idan aka rubuta "Wayar Umma", "Talabijin falo", "Laftof ɗin Yaya", duk baƙon da ya samu kalmar sirri zai fito fili. Abin lura a nan shi ne, tun daga Android 10 da iOS 14, wayoyi na amfani da adireshin MAC na bogi domin kare sirri, don haka wani lokaci sananniyar waya kan dawo kamar baƙuwa. A bincika kafin a toshe.

Sunan Wi-Fi kuwa, wanda ba ya wuce haruffa 32, laƙabi ne da duk mai wucewa a layi ke gani. Ba a sa cikakken suna, lambar waya ko lambar gida a ciki.

Kurakurai uku da za a kiyaye

Na farko shi ne laƙabin da ya daina faɗin gaskiya. An mayar da firinta ƙofa 9, amma ƙofa 8 na nan da "FIRINTA". Wannan ya fi rashin laƙabi illa, domin wanda bai ga rubutu ba zai yi taka-tsantsan, wanda ya ga na ƙarya kuwa zai zare da ƙarfin gwiwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duk wanda ya motsa kebul, aikinsa bai ƙare ba sai ya gyara wuri uku: cikin na'ura, jikin kebul da takardar bango.

Na biyu shi ne zuba sirri a laƙabi. Kalmar sirri, lambar wayar kwastoma ko bayanin asusu ba su da gurbi a nan. Ana kwafar saitin na'ura a tura wa masu gyara, ana ɗaukar hoton allo, kuma duk abin da ke cikin bayanin zai bi su.

Na uku shi ne ɓoye ilimin wuri da gangan. Wasu masu haɗa kaya na ganin idan suka bar komai a duhu, dole a riƙa kiransu. Za a kira su sau ɗaya ko biyu, amma ran da aka neme su cikin gaggawa ba a same su ba, mai wurin zai kawo wani, wannan kuma zai fara ne da nuna masa irin aikin da aka yi masa. Mai shagon da aka miƙa wa takarda mai tsafta da hoton kayansa, shi ne ke ba maƙwabcinsa lambar wanda ya yi aikin.

Aikin gwaji

Mai karatu zai iya farawa yau da abin da ke hannunsa: ya sauya sunan layukan wayarsa, ya shiga shafin MiFi ko rawutar gida ya ba kowace na'ura suna. Mai son koyon umarnin Cisco ba sai ya sayi suwic ba, manhajar Packet Tracer kyauta ce ga wanda ya yi rajista da Cisco Networking Academy. Ya ɗora suwic ɗaya da kwamfuta shida, ya yi wa kowace ƙofa laƙabi, ya adana. Sannan ya kira ƙaninsa ko abokinsa wanda bai ga lokacin da aka haɗa ba, ya nuna masa jerin, ya ce ya nuna ƙofar firinta. Idan ya nuna ba tare da ya yi tambaya ba, laƙabin ya yi. Idan ya tsaya yana kallon fuskar mai tambaya, sai a sake rubutawa.